Shawar da muke soyawa a Kano, na ga inda take kwana a arewacin Norwe

Auwal (Tromso): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Kwana biyu kun ji ni shiru. Ranar Asabar na je wani ƙaramin garin masunta, Skjervoy, masu garin suna furta shi kamar "Sherboi". Yana kan tsibiri a bakin mashigin teku na Kvaenangen, tafiyar kusan awa 4 a mota daga nan Tromso, birnin da nake zaune a arewacin Norwe. Irin wannan mashigi shi suke kira fiyod: teku ce ta kutsa cikin ƙasa kamar dogon lungu, duwatsu sun tsaya mata dama da hagu. Wannan ɗin tsawonsa ya ɗan haura kilomita 70.

Yanzu ƙarshen Nuwamba rana ta daina fitowa. Daga wajen ƙarfe 10 zuwa 2 ake samun wani haske irin na bayan asuba, sama ta yi shuɗi, kan duwatsu ya yi ja-ja, daga nan duhu ya dawo. Cikin wannan ɗan hasken muka shiga jirgi. Ba mu yi nisa ba sai ga ƙayoyin baya baƙaƙe suna tsaga ruwa, ta babban namijin ta kai tsayin mutum. Su ne orka, manyan dabbobin teku masu baƙi da fari. Na ga yadda suke farauta: su kewaye garken ƙananan kifi, suna busa kumfa, suna juya farin cikinsu don su tsorata su, har kifin ya dunƙule wuri guda ya taso sama. Sai su riƙa dukan dunƙulen da wutsiya, waɗanda suka suma su tsince su ɗaya bayan ɗaya. Ana cikin haka wani ƙaton wel mai doro, wata babbar dabbar teku mai siffar kifi, ya ɓullo daga ƙasa baki buɗe, ya kwashe rabonsa a loma guda. Tsuntsayen teku kuwa sun rufe wurin, har da gaggafa mai farar wutsiya.

Abin da ya sa na kawo maganar nan: na tambayi mai jirgin wane kifi ne, ya miƙo mini guda. Wallahi shawa ce. Shawar nan ta cikin kwali da ake soyawa a bakin titi. Orka, wel, gaggafa, jiragen kamun kifi, masu yawon buɗe ido daga Jamus da Sin, duk ita suka biyo.

Hajiya Maman Sadiya: Wa alaikumus salam ɗana. Ikon Allah. Shekara 19 ina sayar da kifin ƙanƙara a Sabon Gari, na sha ganin sunan Norwe a jikin kwalin shawa da na titus, ban taɓa kawo wa raina wurin da suke fitowa ba. To ruwan bai daskare ba? Na ɗauka can duk ƙanƙara ce.

Khalifa: Yaya Auwal, orkan nan ba sa kifar da jirgi?

Auwal (Tromso): Khalifa, ko kallonmu ba su yi ba, abincinsu ne a gabansu. Hajiya, ruwan bai daskare ba. Malam Isufu zai fi ni iya bayanin dalili.

Malam Isufu Damagaram: Hajiya barka da yamma. Abin da ya hana shi daskarewa wata igiyar ruwan ɗumi ce da ke tasowa daga wajen mashigin Meksiko, ta ƙetare Atlantika, ta bi gaɓar Norwe har can ƙurya. Skjervoy tana kan digiri 70 ne arewa. A Kanada ko Sibiriya, wuri mai wannan nisa tekunsa a rufe take da ƙanƙara rabin shekara. A gaɓar Norwe kuwa jiragen ruwa suna shige da fice har cikin Janairu. Amma da ka bar gaɓa ka hau tudun cikin ƙasa, labari ya canza: a Karasjok an taɓa auna digiri 51 ƙasa da sifili a 1886.

Shi kuma fiyod ɗin kansa, aikin ƙanƙara ne. Ina gaya wa ɗalibaina su dubi yadda ruwan damina ke cin kwazazzabo: yana yanka ƙasa da tsini, sama faɗi, ƙasa matsattse. Ƙanƙara ba haka take ba. A zamanin da ta lulluɓe yankin, kaurinta a wasu wurare ya kai kilomita 3. Tana rarrafe a hankali cikin kwari, tana jan duwatsu a ƙarƙashinta, tana goge gefe da ƙasa har kwarin ya zama kamar kwami, gefe a tsaye, ƙasa a shimfiɗe. Ta ci ƙasar har ta wuce matakin teku. Da ta narke, shekara dubu 10 da wani abu da suka wuce, teku ta shigo ta cike gurbin. Shi ya sa ciki ya fi baki zurfi. A bakin akwai tudu a ƙarƙashin ruwa, kamar dokin ƙofa, inda ƙanƙarar ta yi laushi ta zubar da kayanta. Mafi girma a ƙasar, Sognefjord da ke kudu, tsawonsa ya kai kilomita 205, zurfinsa ya haura mita 1,300.

Wani abin kuma, tun da nauyin ya sauka ƙasar take ɗagowa a hankali, har yau ba ta gama ba. A Alta, gabas da inda Auwal ya je, akwai zane-zanen da mutanen da suka sassaƙa a kan duwatsun bakin ruwa, wasu sun kai shekara 7,000. Mafi tsufa su ne suka fi nisa da ruwa a yau, domin gaɓar da aka yi su a kanta ta hau sama.

Auwal (Tromso): Malam, irin wannan ƙanƙarar ma tana nan. A wani reshe na Kvaenangen, Jokelfjord, ana hango ta rataye a kan dutse saman ruwa.

Baba Ado Nguru: Auwalu, duk na ji. Ni masunci ne ɗan masunci, tambayata guda ce. Kifin da jirage ke ɗiba, dabbobi na ɗiba, har a cika kwali a kawo Kano, ya aka yi bai ƙare ba?

Auwal (Tromso): Baba, ai ya taɓa ƙarewa. Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai tun da na fara karatun harkar kifi a nan. A shekarun 1950 shawar da ta isa haihuwa a wannan teku ta haura tan miliyan 10. Sai aka samu ragar leda mai ƙarfi, da injin jan taru, da na'urar gano garke a ƙarƙashin ruwa. A 1966 kaɗai Norwe da Aisland da Tarayyar Sobiyet suka kama kusan tan miliyan 2, manya da 'ya'ya. Kafin 1970 ta ƙare, abin da ya saura bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Masana'antu suka rufe, garuruwan bakin teku suka shiga wani hali. Dole aka kusan hana kamun baki ɗaya, shekara da shekaru. Sai a 1983 Allah ya kawo haihuwa mai albarka, daga 'ya'yan wannan shekarar garken ya sake ginuwa.

Kuma shawar ba ta da wurin kwana na dindindin. Daga 1987 ta riƙa yin hunturu a Tysfjord da Ofotfjord, daga baya ta fita tsakiyar teku, ta dawo kusa da Tromso, tun 2017 kuma ta koma Kvaenangen. Duk inda ta sauka nan kasuwa ke ci. Masu masauki a Skjervoy sun sani sarai wata shekara za su iya wayar gari ta tashi.

Baba Ado Nguru: To ka ga. Ashe su ma sai da suka ƙone hannu. Mu da can Sarkin Ruwa ke rufe tafki, ba mai jefa ko ƙugiya sai ranar da ya buɗe. Wanda aka kama da raga mai ƙaramin ido a ƙwace ta. Yanzu har gidan sauro ake ja a ruwa. Ga shi tun da aka yi dam ɗin Tiga da na Challawa ambaliyar da kifi ke haihuwa a cikinta ta ragu, kacalla ta toshe hanyoyin ruwa. Giwan ruwan da mahaifina ke kawowa, jikokina ba su taɓa ganin irin girmansa ba. Ni abin da nake so in ji, wa ke tsare dokar a can? Don doka a takarda mu ma muna da ita.

Auwal (Tromso): Baba, abu biyu na lura da su. Na farko, kowane jirgi yana da kasonsa, kuma duk kifin da aka sauke sai an auna an rubuta. Tun 1987 aka fara hana zubar da kifin da aka kama a mayar da shi teku, don kada mutum ya zaɓi manya ya watsar da ƙanana matattu. Na biyu, tun dokar 1938 masunci ba ya sayar wa ɗan kasuwa yadda ɗan kasuwan ya ga dama. Cinikin farko ta hannun ƙungiyar masunta yake bi, ita ke sa farashin da ba a sauka ƙasa da shi. To kun ga wurin biyan kuɗi nan ne wurin ƙidaya. Ɓoye kamu yana da wuya.

Ba kuma a ruwan sanyi suka samu haka ba. A watan Maris na 1890 kifin kod ya cika wani ɗan ƙaramin fiyod a yankin Lofoten, Trollfjord, wanda bakinsa bai wuce mita 100 ba. Masu manyan jiragen tururi suka tare bakin da taru, suka hana masu kwalekwale shiga. Aka yi faɗa sosai a kan ruwa, har da watsa tafasasshen ruwa daga tukunyar injin. Ba a daɗe ba majalisa ta hana irin wannan taru a kamun Lofoten. Yau ma akwai layi a bakin fiyod-fiyod na arewa, jirgin da ya wuce mita 15 ba ya shiga ciki kamun kod, an bar wa ƙanana.

Injiniya Bashir: Ni fa ina da ja. Ana ta yabon mutanen nan, amma ku dubi abin da suke turo mana. Naman kifin mai kyau ya tafi Italiya, mu a ɗuro mana busassun kawuna a buhu. Kai! Abin da su ba sa ci. Ni wannan raini nake gani, ba ciniki ba.

Hajiya Maman Sadiya: Injiniya, yi haƙuri, nan kam ka shigo gonata. Kan nan da kake rainawa, ka zo ka ga yadda matan Ibo ke rububinsa gab da Kirsimeti. Okporoko suke ce masa. Ba don rashi kaɗai suke saye ba, ɗanɗanon da kai ke ba miyar egusi tsokar ba ta ba da shi. Yana wata da watanni bai lalace ba, ba ruwansa da wutar lantarki. Tun lokacin yaƙin basasa, da aka riƙa kai shi agaji saboda yara masu kwashoko, ya ƙara kama gindi a can. Mu ma nan ai kan sa da ƙafar sa kuɗi ne. Damuwata ni tsada ce. Buhun da nake saye a da, yanzu sai mu haɗu mu uku mu raba.

Injiniya Bashir: Hajiya, na yarda ana so. Amma me ya hana mu busar da namu? Rana muke da ita fiye da kowa.

Anti Rabi (Alta): Salamu alaikum. Shekarata 14 a arewacin Norwe ina aikin jinya, bari in sa baki. Bashir ƙanena, ranar ce ma matsalar. Kifin nan ba rana ke busar da shi ba, ba gishiri, ba hayaƙi irin na banda. Iska ce mai sanyi. Kod ɗin da suke kira skrei yana saukowa daga tekun Barents zuwa Lofoten daga Janairu zuwa Afrilu don ya zuba ƙwai. A fille kai, a fid da hanji, a ɗaure biyu-biyu ta wutsiya, a rataya a kan rumfunan katako tun daga Fabrairu ko Maris har zuwa Mayu ko Yuni. Yanayin da ake so shi ne sanyi dab da daskarewa. In ya yi yawa tsokar ta farfashe, in ɗumi ya shigo ƙuda ya yi ƙwai. Lofoten Allah ya ba ta daidai wannan tsakiyar. In ya bushe, nauyinsa bai fi kashi 1 cikin 4 ko 5 na ɗanyensa ba. A Kano ka rataya ɗanyen kifi haka, kwana biyu sai ka bar gidan.

Maganar ba sa cin kai kuma, ba haka ba ne gaba ɗaya. Kafin a rataya kawunan, yaran makaranta ne ke yanke harshen da naman ƙarƙashin haɓa, suna sayarwa. Yaro ɗan shekara 10 da wuƙarsa a tashar jirgi, yana tara kuɗinsa. Ana soya harshen da gari, abincin marmari ne a wurinsu.

Hajiya, tsadar ba faɗuwar naira kaɗai ba ce. Kod ɗin ne ya ragu. Norwe da Rasha ke raba shi tun shekarun 1970, su zauna duk shekara su yanke adadi. A 2013 tan miliyan 1 ne, a 2025 ya sauko 340,000. Kifi kaɗan, kai kaɗan.

Hajiya Maman Sadiya: Allah sarki. Ashe abin daga tushe ne.

Malam Tukur: Ni abin da ya ja hankalina maganar rashin fitowar rana. Auwal, ya kuke yi da salla?

Auwal (Tromso): Allah gafarta Malam, a Tromso daga wajen 27 ga Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta fitowa, daga wajen 20 ga Mayu zuwa bayan 20 ga Yuli kuma ba ta faɗuwa. A waɗannan lokuta masallacinmu, Alnor, yana bin jadawalin Makka, salla da azumi duka.

Malam Tukur: Madalla. Yana da asali, domin a hadisin Dujal da Muslim ya ruwaito, da sahabbai suka yi tambaya kan ranar da za ta yi tsawon shekara, an umarce su su ƙaddara mata lokutanta. Kafin wani ya tambaya kuma, naman wel halal ne a wurin Malikiyya. Rundunar Abu Ubaida ta samu irinsa teku ta jefo, wanda suka kira anbar, suka yi kwanaki suna ci, Manzon Allah (SAW) bai hana ba.

Anti Rabi (Alta): Ana sayar da shi a kanti ma, Malam, ja ne kamar naman sa. Amma ba irin waɗanda Auwal ya gani ba, wani ƙarami ne da ake kira minke. Norwe ta koma farautarsa tun 1993 duk da sukar da take sha. Matasansu ba su cika ci ba.

Auwal (Tromso): Akwai abin da ban faɗa ba, kuma shi ne ya rage mini daɗin tafiyar. A hanya, kusan kowane lungu mai kwanciyar ruwa sai ka ga zobba-zobba a kan ruwa. Kejin kiwon kifin salmon ne, keji guda yana ɗaukar har 200,000. Ƙwarƙwatar ruwa tana hayayyafa a cikinsu, sai ta kama 'ya'yan salmon na daji idan sun fito daga kogi za su teku. Waɗanda suka tsere daga keji kuma suna hawa kogi su gauraya iri. A 2023 sama da miliyan 60 suka mutu a cikin kejin kafin a kai ga yanka. A 2024 hukuma ta rufe koguna 33 saboda na dajin bai dawo da yawa ba. Mutanen da suka koyi darasi a kan shawa, ina ganin a nan kuɗi ya rufe musu ido.

Anti Rabi (Alta): Auwal, alƙaluman da ka kawo gaskiya ne, amma ka zo ka yi hunturu uku a ƙauyen da makarantarsa ke gab da rufewa saboda babu yara, sannan mu yi maganar. Skjervoy ɗin da ka je, duk ƙaramar hukumar ba ta kai mutum 3,000 ba. Mayankar salmon ita ke riƙe da gidaje da yawa a wurin, har da baƙi irinmu. Masu kallon wel wata uku suke yi su tafi. Shawa, kai da kanka ka ce tana iya tashi. Marasa lafiyar da nake dubawa, tsofaffi, babban kukansu 'ya'ya sun gudu Oslo. Kuma mutanen nan sun san rasa gida. A ƙarshen 1944 sojojin Jamus da suke ja da baya sun ƙone kusan duk abin da ke gabas da fiyod ɗin Lyngen, gidaje, jirage, har dabbobi suka karkashe, aka kwashe dubban mutane da ƙarfi, wasu suka ɓuya a kogo har sanyi ya wuce. Shi ya sa za ka ga gidajen ƙauyukan duk fasali ɗaya, bayan yaƙi aka gina su. Wanda kakarsa ta dawo kan toka ta sake gini, ba ya son a ce masa ya bar wurin don kifin daji.

Auwal (Tromso): Anti, ban ce a rufe ba. A tilasta musu kejin da ba ya haɗuwa da ruwan fiyod, suna da kuɗin. Tun 2023 ma gwamnati ta ɗora musu ƙarin harajin kashi 25 saboda ribar ta yi yawa. Sannan abincin salmon ɗin fa? Waken soya daga Barazil, da man kifi wanda wani ɓangarensa daga Muritaniya yake zuwa. Ƙananan kifin da matan Senegal da Gambiya ke bandawa su ake niƙawa a masana'antun garin Nuwadibu na Muritaniya.

Injiniya Bashir: Yawwa! Ga rainin da nake nema a wurin da bai dace ba. Hajiya, na janye maganar kai. Wannan ita ce ta gaske: a ɗebe kifin talakan Afirka a ciyar da kifin mai kuɗi.

Anti Rabi (Alta): Wannan ɓangaren ban da abin karewa a kai. Amma maganata ta ƙauyuka tana nan.

Dakta Hadiza: Ni likitar dabbobi ce, kuma 'yar Fulani, don haka ku bar ni in hau tudu. Anti Rabi, na karanta cewa akwai makiyaya a wurin. Gaskiya ne suna tashi kamar namu?

Anti Rabi (Alta): Sosai, Dakta. Su ne Sami, masu kiwon barewar ƙanƙara, rein. Da hunturu suna can cikin ƙasa wajen Kautokeino, inda dusar ƙanƙara a bushe take, dabbar ta tona da kofato ta ci gansakukar da ke ƙasa. Da bazara su gangaro gaɓa da tsibirai, inda ciyawa ke tsirowa kuma iskar teku ke korar sauro. Wasu garken iyo suke su ƙetare, wasu a jirgi ake ƙetarar da su. Kowane mai dabba yana da yankan kunnensa, kuma ba a tambayar mutum yawan garkensa, rashin kunya ne.

Dakta Hadiza: Subhanallah. Ko mahaifina ba ka isa ka tambaye shi yawan shanunsa ba. Suna da rikicin burtali?

Anti Rabi (Alta): Suna da shi, sai dai da hanyoyin mota, da layin lantarki, da ma'adinai, da fankokin samar da wuta. Ga sauyin yanayi: ruwa ya sauka a kan dusar ƙanƙara tsakiyar hunturu, ya daskare, ya zama kamar siminti, dabba ta kasa tonawa, sai an saya mata abinci. Akwai kuma Sami na bakin ruwa, masunta masu ɗan noma, su ne tsofaffin mazauna fiyod irin Kvaenangen, tare da Kven da suka zo daga wajen Finlan. Sama da shekara 100 gwamnati tana hana 'ya'yansu yarensu a makaranta, har da yawa suka ɓoye asalinsu. Wata tsohuwa da na yi jinya, sai da ruɗewar tsufa ta kama ta ta koma yaren Sami, 'ya'yanta suna tsaye ba mai gane abin da take cewa. Na yi kuka ranar. A 2023 kwamitin bincike ya miƙa rahoto, a Nuwamban 2024 majalisa ta nemi gafararsu.

Malam Isufu Damagaram: Baba Ado, ga wani abu da ya shafe ku kai tsaye. Cikin tsuntsayen da ke sauka a fadamun Hadeja da Nguru da tafkin Cadi da kaka, akwai wani mai dogayen ƙafafu, ruwan ƙasa, mai bin gonakin shinkafa garke-garke. Wasu daga irinsa a dausayin arewacin Norwe da Finlan da Rasha suke ƙyanƙyasa. A can namijin yana fid da wata ƙawatacciyar geza a wuya lokacin neman mace, kafin ya iso wurinku ya zubar da ita.

Baba Ado Nguru: Mun san su, Malam. Da sanyi suke zuwa, kafin zafi ya tsananta sun ɓace. Muna yara an taɓa kama wani da zobe a ƙafa, aka kai wa mai gari.

Auwal (Tromso): Tsuntsayen teku na nan kuwa suna cikin wahala, Baba. A tsibirin Rost, wani mai baki kala-kala da suke kira lunde ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100 tun 1979, domin 'ya'yan shawa yake ciyar da 'ya'yansa, in ba su iso kan lokaci ba sai tsakin su mutu a rami. Wani kuma, krykkje, ya baro duwatsun bakin teku ya shigo cikin Tromso yana sheƙa a tagogin mutane, har sai da aka kafa musu rumfuna na musamman.

Khalifa: Yaya, in mutum yana son ganin orkan, wane wata ya fi?

Auwal (Tromso): Nuwamba zuwa Janairu, muddin shawar tana nan. In Allah ya yarda a Maris zan je Lofoten lokacin rataye kifi. Hajiya, zan tambayo miki yadda ake ware kawunan da ake turowa Najeriya.

Hajiya Maman Sadiya: Allah ya kai ka lafiya. Ka tambayo ko bana sun rataya da yawa, in san yadda zan yi da kuɗin sari.

Baba Ado Nguru: Ni kuma Auwalu, in ka je wurin masuntan, ka roƙe su su nuna maka ragar da suke kama kod ɗin. Ka zura yatsunka cikin idonta ka ɗauko mini hoto, in ga yatsa nawa take ci. Ina so in nuna wa yaranmu a bakin tafki.

Auwal (Tromso): To Baba. Ta manyan jirage masu ja dai doka ta ce kada idonta ya gaza milimita 130, hannuna duka zai shige. Ta masu ƙananan jirage zan auno muku da kaina.